Rubu'in Ƙwayar da Na Ba Mai Safa

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo miki gaisuwa ta musamman, da fatan takardar nan za ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki. Allah Ya ƙara wa gwiwarki sauƙi, Ya kuma sa ki daina hawa benen nan da kaya a hannu kamar yadda na sha gaya miki. Mu nan lafiya lau. Hawan jinina yana inda na ajiye shi, idona na hagu ne dai ke gardama. Ɗan Yaya ya leƙo ni da matarsa, suka sake tayar da maganar in rufe gidan nan in koma wurinsu. Na ba su shayi, na ba su amsar da suka saba ji.

Na ɗauki alƙalami maimakon waya ne domin a waya za ki katse ni, ni kuwa ina so in kai ƙarshen maganar. Ba zan zo ranar Alhamis ba. Akwatina yana bakin ƙofa, tun jiya na kwance shi sau biyu na sake ɗaurewa, ban san dalili ba.

Kin san tun bara na shiga ƙungiyar unguwarmu mai kula da dabbobin da aka yasar. Wani mai gyaran agogo ne ya kafa ta a tsohon garejin ɗan'uwansa, da keji goma sha ɗaya da famfo ɗaya mai ɗiga. Muna da likitar dabbobi, wadda a shekaru ba ta kai ƙaramar 'yarki ba, tana zuwa mana Talata da Juma'a don Allah. Ranar da na fara zuwa suka ce kowane sabon shiga sai ya zauna darasin safiyar Asabar sau huɗu. Na sanar da su cewa shekara talatin da huɗu na yi ina aikin jinya, tara daga ciki ni ke riƙe da ɗakin yara, saboda haka ba wanda zai koya mini wanke rauni. Mai agogo ya sosa ƙeya, ya ce to, yadda Sista ta ce. Ban zauna ko sau ɗaya ba.

Makon jiya aka kawo wata baƙar kyanwa mai fararen ƙafafu, babur ya taka mata ƙafar baya. Mai agogo ya raɗa mata Mai Safa. Likita ta ɗinke raunin, ta ce tana buƙatar gida mai shiru na kwana goma, gidana kuwa kin san ba wanda ya kai shi shiru. Ta ba ni maganin da zan riƙa ɗiga mata, ta ce ko me na gani in kira ta. Na shimfiɗa mata tsohon tawul a kwandon wanki, ƙarƙashin teburin karatuna.

Ranar Litinin da hantsi na taɓa kunnuwanta na ji zafi, ga shi ta ƙi abinci. Lambar likita tana manne a jikin firij. Na dube ta, na ce a raina yanzu ni ce zan kira yarinyar nan a kan zazzaɓi? Na ɗauko farasitamol, na raba ƙwayar huɗu da wuƙa, na auna nauyin kyanwar da ido kamar na jariri, na niƙa rubu'i a cokali na ɗura mata. Har ina wanke hannu ina yabon kaina cewa aikin bai bar jikina ba.

Kafin la'asar fuskarta ta kumbura, dasashinta ya rine ya koma ruwan ƙasa, numfashi yana fita da ƙyar. Na naɗe ta a tawul na tari mota zuwa asibitin likitar. Da ta buɗe mata baki sai ta tambaye ni ko akwai maganin ɓera a gidan, ko maƙwabta sun zuba. Auta, ga abin da ya hana ni zama wuri ɗaya: na ce mai yiwuwa. Ni, da na taɓa korar ma'aikaciya daga ɗakina don ta ɓoye kuskuren allura. Ina tsaye ta ɗauko kwalbar makarin gubar ɓera, ta zuƙa a sirinji. Sai da na ga ta kama fatar wuyan kyanwar sannan bakina ya buɗe. Na faɗi sunan ƙwayar da adadinta da lokacin da na bayar, tiryan-tiryan, kamar yadda muke ba da rahoto in za a canji aiki.

Ba ta ɗaga mini murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ajiye sirinjin, ta ce hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani ko kaɗan, abin da ke sauke wa jariri zazzaɓi ita ajalinta ne, kuma wannan shi ne abu na farko da ake faɗa a Asabar ta farko. Daga nan ta ce in riƙe mata ƙafar kyanwar za ta sa ƙarin ruwa, tunda hannuna ya san aikin. Don ta rufa mini asiri ta faɗi haka.

Yau kwana uku ke nan. Ana ba ta makarin maganin a kan lokaci, ni kuma safe da yamma ina can a kan benci. In na dawo gida sai in goge tagogin da na goge jiya, in sauke littattafai in sake jerawa. Mai agogo ya ce in rage kallon agogon bangon asibitin, kada ya gaji ya tsaya aiki ya ƙaru a kansa. Likita ta ce in Mai Safa ta ci abinci da kanta akwai fata, in kuwa Alhamis ta zo ba ta ci ba, sai mu yi wata magana. Kin ga dalilin. Na san za ki ce a kan kyanwa zan fasa ganin jikokinki. Ki faɗa, ba zan ji haushi ba. Lafiya lau take samun sauƙi a hannun mutane kafin a danƙa mini ita.

Na ajiye alƙalami a nan na je ziyarar yamma, yanzu na dawo. Na lakato ɗan kifi a yatsa na miƙa mata ta ƙofar kejin. Ta shinshina, ta lasa sau biyu, ta kau da kai kamar wata babbar matar da aka ɓata wa rai. Likita ta ce kada in fara murna tukuna, amma na ga ta rubuta a kati. A hanyar dawowa na tsaya na sayi littafin rubutu mai layi da biro biyu, na kuma gaya wa mai agogo ya sa sunana a darasin Asabar. Ya tambaya ko a gaba zan zauna, na ce inda kowa ke zama.

Ki gaishe mini da maigidanki, da ɗanki injiniya da amaryarsa, da 'yan biyu. Ki ce wa jikarki takwarata ta ɗauke duk wata ƙwaya daga inda kyanwarta ke hawa, ki kuma gaya mata wadda ta ce. Zan zo in an gama Asabar huɗun, in Allah Ya yarda. Ku sa Mai Safa a addu'a, ba da wasa nake ba.

Yayarki,
sabuwar ɗalibar ajin Asabar.