Gonar da Bukar Yake Su a Cikinta

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Rajistar Manoman Rani da Masunta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da duk waɗanda Allah ya ɗora maka nauyinsu. Yaya aiki, yaya kuma haƙuri da mu?

Ranka ya daɗe, sunana Haladu. Tsohon malamin firamare ne ni, na ajiye alli na koma gonar da mahaifina ya bar mini a fadamar wani ƙauye da ke gabas da Haɗeja. Da a watan jiya na rubuta wannan wasiƙa, wallahi da ba ta karantu a gaban jama'a ba. Yanzu na huce, alkamata ta tsiro, shi ya sa na zauna in faɗa maka abin da ya faru a tsanake. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Na farko, sai na bayyana maka yadda gonata take, domin daga nan rigimar ta taso. Rabin shekara gona ce, rabin shekara kogi ce. In damina ta yi nisa kogi ya tumbatsa, ruwa yakan shafe ta gaba ɗaya, ko kan kunya ba ka gani. A wannan lokacin ba ni da ta cewa a kanta, ta Bukar ce. Bukar masunci ne, sa'ana, tare muka yi wasan ƙasa. Ubansa ya yi su a kan gonar ubana, shi ma yana yi a kan tawa, kuma babu masuncin da zai jefa koma a wurin sai da izininsa. Kamun farko nawa ne, har gida yake aiko mini da tarwaɗa. Ni kuma in na casa alkama, rabonsa yana gefe kafin in kai ko tiya ɗaya kasuwa. In ruwa ya janye ya kwashe kayansa, in shiga da garma. Ba a taɓa rubuta wannan a takarda ba, ba mu kuma taɓa zuwa gaban Bulama, mai garinmu, a kansa ba.

Na biyu, rajistarku. Ma'aikatanku sun fara da masunta tun ruwa yana cike. Suka shiga kwale-kwalen Bukar, ya kai su inda yake su, suka danna waya ta ɗauki wurin. To ina ne wurin? Tsakiyar gonata. Da ruwa ya fara ja, aka dawo kan manoma masu neman iri da taki da injin ban ruwa cikin rangwame. Ni kuwa injina ya riga ya mutu murus, makaniki ya ce ko gawarsa ba wanda zai saya, kuma alkamar rani ba inji ai zance ne kawai. Na tsaya a gonata, taɓo har idon sawu, aka danna waya. Sai na'ura ta ce wurin yana da mai shi.

Da farko dariya na yi. Na ce wa ma'aikacin ai lallai yana da mai shi, ga shi nan tsaye a gabanka. Shi bai yi dariya ba.

Daga nan na shiga zarya tsakanin ƙauyenmu da ofishinku na Haɗeja, a kan acaɓa, da wannan bayan nawa da ba ya son gargada. Kullum amsa ɗaya ce, na'ura ta ƙi. Na tambaya wa zan gani, aka ce babu. Na ce to a rubuta kukana a aika sama, aka ce ba a tanadi wurin rubuta irin wannan ba. Ban ga laifin yaran da ke zaune a teburin ba, abin da aka ba su ke nan su danna. Amma ranar da ɗayansu ya ba ni shawara, raina ya ɓaci matuƙa. Cewa ya yi hanya ɗaya ce, wanda ya riga ni ya zo ya janye sunansa. Ya ƙara da cewa in ban yi hankali ba za a sa ni cikin masu neman cin wurin wani. Ni Haladu, a gonar da aka binne cibiyata kusa da ita!

Maganar ta kai kunnen Bukar, don ƙauye ba a ɓoye komai. Ya same ni a zaure bayan la'asar, ya ce gobe in shirya mu tafi Haɗeja ya cire sunansa, shi ai kifinsa ya riga ya kama, ni ne shekarata ke gaba. Na san ƙarya yake yi don ya kwantar mini da hankali. Komarsa duk ta yayyage, kwale-kwalensa kuwa rabin tafiya tuƙi rabin tafiya kwalfar ruwa, kuma da wannan rajistar yake sa ran samun sababbi. Na ce masa in ya kuskura ya je, kada ya ƙara aiko mini da ko ƙaya. Muka rabu kowa yana cika yana batsewa. Sanyi kuwa ya fara shiga, kuma duk manomin alkama ya san in ka makara da shuka, zafi ne zai riske ta tana fitar da kai, ka tashi da ƙaiƙayi.

Na uku, Injiniya Rifkatu, wadda ita ce dalilin wannan wasiƙa. An ce mini ita ce babba a cikin masu rubuta manhajar da kuke rajista da ita, sauran a ƙarƙashinta suke, kuma ba a sakin wani gyara sai ta duba ta amince. Kukana bai kai mata ba, tunda babu hanyar da zai bi. Ita da kanta ta lura, tana zaune a hedikwata, cewa sunayen da na'ura take watsarwa sun yi layi a bakin kogi kamar an jera su da igiya. Ta ce ruwa ba ya tsami banza, ɓarayi ba sa jeruwa haka. Sai ta taso ta zo.

Bulama ya haɗa ta da mu. Ƙasan gonata akwai sauran ruwa a lokacin, Bukar ya ɗauke mu a kwale-kwalen nan nasa, tana riƙe da kwamfutarta a ƙirji kamar jinjiri saboda yoyo. Ya kafa gora ya ce mata nan ce iyakar Haladu, can inda ciyawar kacalla ta fara kuma ta wane ce. Ta bi iyakar da kallo. Sannan ta faɗi abin da ban taɓa jin ma'aikacin gwamnati ya faɗa ba, ta ce kuskuren nasu ne, kuma ita ta sa hannu a kansa. A ƙasar duwatsu ta tashi, inda gona gona ce daga shekara zuwa shekara. Dokar wuri ɗaya mutum ɗaya kuwa sun sa ta ne don maganin masu rajistar gona ɗaya da sunan mata da 'ya'ya da surukai. Babu wanda ya kawo a ransa cewa akwai filin da yake da masu shi biyu, kuma dukansu masu gaskiya.

Nan na ga dama ta samu. Na ce mata 'yata, tunda makullin yana hannunki, ki yi wa tsoho alfarma ki saka sunana yau, sauran a bi su a hankali. Ta ƙi. Cikin ladabi ta ƙi, tana Baba kaza Baba kaza, amma ƙi dai ƙi ne. Ta ce za ta iya, sai dai ranar da ta buɗe ƙofar baya don mutum ɗaya, gobe wani ne zai shigo ta nan da wanda ba shi da ko taƙi ɗaya na gona. Na ce to a cire dokar mana kowa ya huta. Ta ce in an cire, kafin mako ya zagayo masu wayo sun kwashe injinan, mu masu gonar mu tashi a tutar babu. Abin da za su yi shi ne su koya wa na'ura lokaci da sana'a, ta san wuri ɗaya yana iya zama na masunci da damina, na manomi da rani, muddin Bulama ya shaida. Kuma sai sun gwada sun tabbatar gyaran bai ɓata rajistar mutanen tudu ba.

Ban ɓoye mata ba, na ce alkama ba ta san gwaji ba. Na koma gida ina ta faɗa, har mai ɗakina ta ce in bar yarinyar mutane ta yi aikinta. Kowace safiya sai in je in tsaya a bakin gona, ƙasa tana tsanewa, maƙwabtana na tudu injinansu suna ta ƙugi. Gaskiya na fid da rai.

Ran nan ina cikin alwalar azahar saƙo ya shigo wayata cewa an karɓi rajistata. Kafin in idar da salla ƙauye ya ɗauka, ashe ba ni kaɗai ba ne, duk masu gona a bakin ruwa an karɓe su, kuma babu masunci ko ɗaya da aka cire. Alhamdu lillahi! Na zauna a kan buzu ina tunani. Da Injiniya ta bi tawa, da ni kaɗai zan tayar da inji a fadamar nan, sauran suna kallona. Da wane ido zan dube su a masallaci?

To, ranka ya daɗe, yabon gwani ya zama dole, amma da sauran magana. Na samu labarin gyaran ya kammala da wuri, jiran sa hannu ne ya riƙe shi a ofishinka. Ban san abin da ya sha maka kai ba, manya ba sa rasa uzuri. Ina dai roƙo, duk takardar da ta shafi shuka a riƙa ɗora ta a sama, domin ƙasa ba ta jiran kowa ya dawo daga taro.

Ina kuma roƙo a ba yaran da ke tebur hanyar aika kuka zuwa ga masu rubuta manhaja kai tsaye. Kalmar nan ta na'ura ta ƙi ta ishe mu haka. Na'ura ba ta ƙin komai, mutum ne ya gaya mata ta ƙi, kuma mutum ne zai iya gaya mata ta bari. Sannan kafin a sake ƙera mana wani abu, a turo masu ƙerawar su zo su ga wurin sau biyu, da ruwa da kuma bayan ruwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an tambaye shi.

Roƙona na ƙarshe a kan Injiniya Rifkatu ne. Ana raɗe-raɗin za a ɗauke ta a kai ta wani aiki. Idan ci gabanta ne, Allah ya sa alheri, ba zan tare mata hanya ba. Amma don Allah kada a bar kujerar ga wanda zai ce mini to a ranar da na nemi alfarma. Ni na nema da bakina, na kuma gode wa Allah da aka hana ni.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya kare ka daga sharrin masu kai gulma, ya ba ka mataimaka masu faɗa maka gaskiya ko da ba ta yi maka daɗi ba. Allah ya sa ka gama da wannan kujera lafiya.

Na yi shuka a makare kaɗan, amma ta kama. Ranar da na tayar da sabon injin, Bukar yana can ƙasan gonar yana kwashe ragowar kayan sunsa daga kwatami. Ya ɗago ya ce in yi sauri in gama da gonar, aro ya ba ni, da damina yana son abarsa.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Haladu, manomin alkama, fadamar Haɗeja.