Layi Ɗaya Na Gyara

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Inna, da su auta? Ni dai alhamdulillahi, aiki na tafiya.

Makon jiya ne na ɗan ga ta kaina. A ofis muna da rumbu ɗaya da kowa ke zuba aikinsa na manhaja. Layi ɗaya tak na gyara a wani fayil, sai rumbun ya nuna wai fayil ɗin duka na canza, aikin Dogo, maƙwabcin teburina, ya ƙi haɗuwa da nawa. Ya ce, "Baƙuwa, rushe mu kika zo yi?" Wallahi na zaci kora ce.

Ashe alamar da kwamfutata ke sawa a ƙarshen kowane layi ce ta bambanta da tasu, kuma ido ba ya ganinta. Shugabarmu ta kafa wa rumbun ƙa'ida ɗaya, yanzu shi ke daidaita alamar kowa. Dogo ya kawo min shayi, ya ba ni haƙuri. Tare muke cin abincin rana yanzu.

Kada Inna ta ji zancen kora. Ki ce mata har ƙiba na yi. Amma ki turo min muryarta, ɗakin nan shiru ya yi masa yawa.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki