Shekarun Baƙuwa, Kyanwar Mahaifiyata

Zuwa ga Shugaban Sashen Biyan Diyya na kamfanin inshorar dabbobin gida da nake biya kuɗi duk wata,

Yallaɓai,

Ina miƙa gaisuwa irin wadda ta dace da matsayinka, tare da fatan kai da iyalinka da ma'aikatanka kuna cikin ƙoshin lafiya. Sunana Nafi'u, mazaunin Morris Heights a Bronx, ma'abocin digiri a fannin tattalin arziki, wanda a halin yanzu yake sayar da wayoyi a wani shago a Fordham Road kafin aikin da ya cancance shi ya samu. Na aiko maka da wannan ƙorafi da Turanci har sau biyu, na'ura ce ta ba ni amsa. Saboda haka na rubuta shi da Hausa na buɗe shi ga jama'armu, su zama shaida. Ban ambaci sunan kamfaninku ba, domin gyara nake nema, ba tozarci ba.

Na farko, wace ce Baƙuwa. Kyanwa ce baƙa mai farin wuya. Shekara biyar da suka wuce, wata safiya da ƙanƙara ta rufe gari, mahaifina ya dawo daga tuƙin tasi ya gan ta a takure a kan matakalar ƙarfen da ke bayan tagarmu. Ya buɗe mata, ta shigo, ba ta sake fita ba. Ba mu saye ta ba, ba wanda ya ba mu takardarta. A wurinmu ba a sayen kyanwa, zuwa take yi, shi ya sa Inna, mahaifiyata, ta kira ta Baƙuwa. Mahaifina ya rasu shekara ɗaya da rabi ke nan. Tun da Inna ta gama takaba ba ta sauka ƙasan bene ba sai in zuwa asibiti ya kama. Ta daina zuwa suna da biki, ta daina ɗaga waya, hawan jini ya kama ta. Abinci ma ba ta ci sai in za ta ba Baƙuwa, sannan ta taɓa nata. Idan na yi magana sai ta ce, “Alhaji ne ya buɗe mata taga, amanarsa ce a hannuna.” Yallaɓai, wannan ita ce dabbar da takardarku ta kira da lamba.

Na biyu, yadda na shiga yarjejeniya da ku. Ba wanda ya tilasta ni. Ni da na karanci ilimin hasashe da kauce wa asara, na fahimci cewa lafiyar mahaifiyata ta rataya a kan ran wannan kyanwa, na kuma san tsadar likitan dabbobi a birnin nan ta wuce hankali. Da albashina na farko na sayi inshorarku. Wata goma sha huɗu ina biyan dala talatin da takwas, ban taɓa yin lattin kwana ɗaya ba. Abokaina sun yi mini dariya, wani ya ce boko ya taɓa mini kai, tun da ni kaina ban da inshora mai kyau amma na yi wa mage. Na jure, domin na ɗauka ina mu'amala da ma'aikata mai mutunta alƙawari.

Na uku, kuma nan ne tushen tuhumarku. Fom ɗinku na intanet ya nemi ranar haihuwar dabba, kuma ba ya barin mutum ya wuce sai ya cike gurbin. Babu wurin rubuta “ban sani ba”. Na tambayi Inna shekarun Baƙuwa, ta ƙirga daga ranar da ta shigo mana gida, domin a lissafinta daga nan ne rayuwar Baƙuwa ta soma shafar mu. Sai na yi abin da kowane ɗan gidanmu zai yi: na rubuta ɗaya ga Janairu na shekarar da ta zo. Ka buɗe fasfon mahaifiyata, ɗaya ga Janairu za ka gani. Na mahaifina ma haka yake, da na rabin dattawan da nake sallar Juma'a tare da su, 'yan Kano da 'yan Nijar da 'yan zangon Kumasi. An haife su a inda ba a rubuta rana, ma'aikacin gwamnati ya ba su farkon shekara, duniya kuma ta karɓa. Jami'an shige da fice na ƙasar nan sun karɓi wannan rana a fasfon Inna suka buga mata hatimi. Ban taɓa tsammanin kamfanin inshorar kyanwa zai fi su tsanani ba.

Na amince na yi kuskure. Baƙuwa ta zo mana da girmanta, ya kamata in yi tunanin ta yi wasu shekaru a titi kafin ta same mu. Amma tsakanin kuskure da ha'inci akwai tazara mai faɗi, kuma duk wanda ya san mantiƙi ya san ha'inci yana bukatar niyya.

Na huɗu, ciwon. Mako uku da suka wuce Inna ta ga jini a cikin yashin da Baƙuwa take fitsari. Na kai ta asibitin dabbobi. Dubawa da hoton ciki da gwajin fitsari kaɗai suka ci dala ɗari shida da arba'in, na biya daga aljihuna. Likita, wata mace mai haƙuri, ta nuna mini tsakuwoyi uku a mafitsarar Baƙuwa, ta ce magani da canjin abinci ba za su narkar da irinsu ba, sai tiyata, kuma kuɗinta dala dubu huɗu da ɗari biyu ne. Ta ce duk ranar da ɗaya ta toshe hanya, kwanakin da suka rage ba su da yawa. A cikin rahotonta ta rubuta cewa, bisa haƙora da idanu, Baƙuwa za ta kai shekara goma sha ɗaya. Ni da hannuna na tura muku rahoton nan, ban ɓoye shafi ko ɗaya ba. Maha'inci ba ya aika wa alƙali hujjar da za ta kama shi. Bayan kwana shida kuka rubuto cewa kun soke yarjejeniyar saboda na ba da bayanan ƙarya. Kuɗin wata goma sha huɗu kuwa ba ku ce komai a kansu ba.

Na biyar, kada ka ce in nemi taimako a wani wuri, domin na nema. Abin da na tara duka bai kai dala dubu ɗaya ba. Na je wurin wani dattijo aminin mahaifina, ya saurare ni da kyau, sannan ya ce, “Ɗana, da kuɗin nan ai garken shanu za ka saya a gida. Ka samo mata wata magen mana.” Ba mugunta ya yi ba, haka kowa yake gani. Jama'armu za su haɗa kuɗin kai gawa gida cikin kwana biyu, amma ba ni da fuskar da zan tsaya bayan sallah in ce a yi wa kyanwa karo-karo. Wannan giɓin ne na biya ku ku cike.

Yallaɓai, zan faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba. Tsoro nake ji. Ranar da na koma asibiti na gaya wa likita kun janye, ta ɗora mini takarda ta biyu a kan ta tiyatar da ta riga ta ba ni. Ta amincewa ce da a yi wa Baƙuwa allurar da ba za ta farka ba, dala ɗari da tamanin. Ta ce in ba za a yi tiyata ba, wannan ya fi a bar ta ta mutu da azaba. Takardar tana aljihuna kwana tara ke nan. Inna ba ta sani ba. Ita a saninta ɗanta mai digiri ya riga ya shirya komai, har tana gaya wa maƙwabciyarmu cewa Baƙuwa tana da inshora kamar Bature. Shekaranjiya za ta wanke mini riga ta ci karo da takardar, ta tambaye ni, na ce ta wurin aiki ce. Ban taɓa yi mata ƙarya ba sai ranar. Ni da ake cewa bakina ya cika manyan kalmomi, na rasa kalma ɗaya da zan fassara mata wannan takarda da ita. Na ga yadda ta koma bayan rasuwar mahaifina. Ban san ko za ta iya tashi karo na biyu ba, kuma ba ni da kowa a ƙasar nan sai ita.

Bisa wannan, ina roƙon abubuwa kamar haka. Ku janye kalmar bayanan ƙarya daga kan sunana, domin ban cancance ta ba. Ku gyara shekarun Baƙuwa zuwa abin da likita ta ƙiyasta, ku lissafa ƙarin da ya kamata in riƙa biya tun farko, zan biya shi ko da a hankali ne. Ku aika wa asibitin takardar amincewa da tiyata kafin ranar Alhamis mai zuwa, domin ita ce ranar da likita ta ajiye mana. Sannan ku ƙara gurbin “ban sani ba” a fom ɗinku, saboda masu zuwa bayana waɗanda kyanwarsu ta taga ta shigo.

Ina roƙon Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya sa ka gama da iyayenka lafiya, kada Ya nuna maka ranar da za ka ɓoye wa mahaifiyarka takarda.

Ranar Alhamis da ƙarfe tara na safe zan hau jirgin ƙasa mai lamba huɗu da Baƙuwa a cikin kwando. Inna ta ce za ta bi ni, har ta fito da mayafin da za ta yafa ta goge shi. Wannan ce fitarta ta farko da kanta ta nema tun rasuwar mahaifina. Takardu biyu za su kasance a aljihuna, ta tiyata da ta allura, kuma amsarka ce za ta nuna wadda zan miƙa wa likita a gaban idon Inna.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa da jiran amsa,
Nafi'u, ɗan Inna,
Morris Heights, Bronx.