Ni na rufe wa Baba magini ƙofa, shi ake zagi

Wata 'yar'uwa ce ta turo daga Malesiya, ta ce a sakaya sunanta.

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Don girman Allah ku ba ni shawara, ko da faɗa ne ku haɗa mini da shi zan ɗauka, don na san na cancanta.

Ni ɗaliba ce a nan Kuala Lumpur, ina digiri na uku a fannin gine-gine, muna zaune a Wangsa Maju da maigidana da yaranmu biyu. Bincikena a kan gini da tattakar shinkafa ne, a matse ta da inji ta zama dami kamar ƙaton bulo, a jera a yi bango, a yaɓe ciki da waje, ɗaki ya yi sanyi kamar randa. Muna da dandali na imel da wani malamina na gida ya buɗe, Farfesa muke ce masa, duk wanda ya tura saƙo kowa zai gani ya amsa. Da aiki ya yi masa yawa sai ya miƙa mini ragama, ni ke shigar da mutum ni ke fitarwa, saƙon wanda ba mamba ba kuma wurina kaɗai yake tsayawa, sai na ga dama ya wuce.

A cikinmu akwai wani dattijo magini daga wani garin manoman shinkafa a jihar Kano. Bai yi boko mai nisa ba, da Hausa yake rubutu a wayarsa, kullum da "Salamu alaikum injiniyoyi" yake farawa. 'Yata yake ce mini, ni kuma in ce Baba. Shi ya koya mini yadda ake jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a kwaɓa ƙasar yaɓe da ita don ruwa ya zame, wallahi babi guda na kundina daga bakinsa na kwaso shi.

Da korona ta zo aka kulle mu, ko abinci sai dai maigida ya sauka ya yo mana tapau, wato ya sayo a ƙunshe, a mamak, gidan abincin da ke ƙasan bene, sai wani ejan ɗan ƙasarmu da ke Danau Kota ya samu shiga dandalin, ya ishe mu da tallar takunkumi da man wanke hannu, safe da yamma. Ni kuma dama Allah ya yi ni da son tsari har ya yi yawa, ga zaman gida ya ƙara mini zafin kai. Maimakon in cire shi shi kaɗai, sai na bar jaki na koma dukan taiki. Na kafa doka, kowa ya cike fom cikin sati biyu, ya sa adireshin imel na jami'a ko na kamfani, wanda bai yi ba a fitar da shi. Fom ɗin ma da Turanci na rubuta, ko a jikina. Farfesa ya ce in bi a hankali, ba kowa ke da irin wannan adireshin ba, na ce masa in ba haka ba dandalin zai koma kasuwa, ya ce to ke kika sani. Ranar da wa'adi ya cika na share mutane, har da Baba. Na ga sunansa da idona, na ce doka ba ta da ɗan gida, ya cike ya dawo.

Bayan kamar sati uku sai ga saƙonsa ya tsaya a wurina, da hotuna. Kwamitin wata Islamiyya a garinsu sun ba shi aikin aji biyu da tattaka, ya gama jera bango, sai suka dage sai yaɓen siminti, wai na ƙasa aikin ƙauye ne. Shi ya san ba daidai ba ne, siminti ba ya barin bangon ya sha iska, in danshi ya shiga ba zai fita ba sai tattakar ta ruɓe. Amma sun ce masa karatun me ya yi. Abin da ya rubuta ke nan: "Injiniyoyi ku ba ni magana ɗaya in nuna musu, sun fi jin ta masu takarda, ga damina ta kusa."

Jama'a na karanta saƙon nan, ba zan yi muku ƙarya in ce ban gani ba. Amsarsa layi biyu ce kuma na san ta. Amma sai na ce in na bar nasa ya wuce sauran da na cire za su ce na yi son kai, sai kawai na mayar masa da fom ɗin, na ce a raina zan kira shi anjima. Yara suna karatu ta kwamfuta, ni ina fama da gyaran babi, anjima ta zama gobe, gobe ta zama shekara. 'Yan kwamiti suka ce masa ai injiniyoyin naka sun yi shiru ne don sun san siminti ya fi. Ya yaɓe da siminti.

Damina biyu ginin ya yi. Bango ya fara wari, yaɓen ya tsage, da aka fasa aka tarar cikin ya yi baƙi ƙirin ya zama taki. An rushe ajujuwan, yara sun koma ƙarƙashin bishiya. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma sunan Baba ya mutu a garin. Mutumin da ya fi shekara talatin yana gini, yanzu ko katanga ba mai ba shi, ana nuna shi ana cewa ga wanda ya gina wa makaranta abincin shanu. 'Yan kwamitin kuwa sun zame, wai ba su tuna ya hana su ba.

Duk wannan ban sani ba sai satin da ya wuce da Baba ya kira ni. Na ɗauka faɗa zai yi, ashe haƙuri ya kira ya bayar. Ya ce 'yata in yawan surutuna da Hausa ne ya sa kuka daina kula ni ku yafe mini, tsufa ne. Bai ma san an cire shi ba, takardar Turancin da na tura masa ya ɗauka sanarwa ce. Na ce masa "ba komai Baba", da na ajiye wayar na shiga banɗaki na yi kuka don kada yara su gani.

Abin da ya ƙara tsinka mini zuciya, labarin ya kai wa Farfesa, ya ce ranar Asabar mai zuwa in gabatar da labarin a taron da muke yi ta bidiyo, a matsayin misalin abin da ke faruwa in magini ya ƙi tuntuɓar ƙwararru. Bai san Baba ya tuntuɓa ba, ba wanda ya sani sai ni. Saƙon yana nan da ranarsa da hotunansa, in na fitar da shi zai wanke Baba a gaban kwamiti da garin duka, amma kowa zai ga a hannun wa ya maƙale.

Mun yi cacar baki da maigida a kai. Ya ce in ce ba ni da lafiya in zame wa taron, in mayar da Baba dandali shiru, wai saura kaɗan in kare kundina kuma Farfesa ne zai tsaya mini wurin aiki, abin da ya wuce ya wuce. Na ce masa a wurinmu ne ya wuce, shi Baba kullum sai ya bi ta gaban kangon nan in zai je masallaci. Ya ce to in yi abin da na ga dama, kada dai in zo ina kuka daga baya.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba, ina jin kunyar Farfesa da ya gargaɗe ni na ƙi ji. Don Allah me zan yi? In fitar da saƙon a gaban kowa ranar Asabar, ko in fara samun Farfesa shi kaɗai? In rubuta wa kwamitin da sunana, ko yanzu maganar mai takarda ba ta da sauran amfani? Kuma in na kira Baba, da wane baki zan gaya wa mutumin da yake ba ni haƙuri cewa ni ce?