Baƙuwar Asibiti da Ɗan Farin Hamdiyya

Doguwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata gare Shi, tsira da aminci ga Manzonsa.

Zuwa ga ɗana Uzairu a Tiga. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na ruwa, mu nan sai hamdala. Masara ta yi kyau, Inna tana gaishe ka.

Dalilin wasiƙar, abokina, jikana Mamman, ya yi zazzaɓi mai zafi. Matarka Hamdiyya ta kai shi ƙaramin asibitin mishan na bayan kasuwa, wurin baƙuwar nas ɗin nan 'yar ƙasar Filifin, wadda mata suka raɗa wa Balaraba. Ta tambayi sunan yaron domin ta yi masa allura, Hamdiyya ta sunkuyar da kai. Ta sake tambaya ko ɗanta ne, Hamdiyya ta juya fuska bango. Ka san ɗan fari. Baiwar Allah ba ta sani ba, ta ɗauka uwa ce ta ƙi ɗanta, ta yi mata faɗa a gaban mata da Hausarta mai tuntuɓe, har da hawaye. Yanzu Hamdiyya ta ce ba za ta sake taka wurin ba, ba ta kuma yarda a kai shi hannun matar, alhali alluran ba su ƙare ba. Zan ga abin da zan iya. Ka sa shi a addu'a, ko da ba za ka ambaci sunansa ba.

Mahaifinka, Malam Abdulmumini

Doguwa

Bayan gaisuwa da tambayar lafiya, ina yi maka albishir.

Na je wurin Balaraba da kaina. Addininta nata ne, namu namu, amma maƙwabciya ce, kuma haƙƙin maƙwabci bai tsaya kan Musulmi ba. Na tarar tana shirin roƙon cocinsu su mayar da ita gida. Ta ce ta zo ne domin ƙaunar Almasihu, ga shi ta kasa gane ƙaunar mutanen da ta zo wa. Na bayyana mata cewa kunya ce, cewa wannan da ta juya baya ko loma ba ta kai bakinta ba tun da yaron ya kwanta. Sannan ta ɗauko hoton ɗanta na fari, Migel, da ta baro wurin kakarsa, ta sumbace shi a gabana. Ni ma sai da na kawar da kai, na ce a raina ashe kowa da abin da ke ba shi mamaki.

Washegari ta zo gidanmu da allurarta, ta tuɓe takalma, ta durƙusa ta gaishe da Hamdiyya yadda Inna ta koya mata a zaure. Ba ta tambayi komai ba. Hamdiyya ta miƙa wa Inna yaron, Inna ta miƙa mata.

Mamman ya warke, har ya koma ja mini gemu yana cewa zai ƙwace mini Inna. Balaraba ta fasa tafiya. Kullum ta biyo da safe takan kira Mamman da sunansa tun daga ƙofa, Hamdiyya kuma ta tambaye ta lafiyar Migel, da sunansa, da ƙarfi.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ka a bakin ruwa, Ya raya mana zuriya bisa imani. Amin.

Mahaifinka, Malam Abdulmumini