Katunan da Inna ta liƙe

Gumel, daren Laraba, Disamba 1977

Na dawo daga Maigatari na tarar Inna ta buɗe akwatina. Littattafan darasin akanta ba ta taɓa su ba. Amma katunan kwamfuta, aikina na wata biyu a jami'a, da ta gan su huji-huji sai ta ɗauka gara ce ta ci. Wuni ta yi tana liƙe su da ƙaro da guntayen takarda.

Ta ce, "Kar ka damu, ɗan nan, gobe zan ƙarasa."

Hujin nan fa shi injin yake karantawa. Har na buɗe baki, sai na ga ƙaro ya bushe a yatsunta. Na ce, "Sannu da aiki, Inna."

Sauran na ɓoye a ƙarƙashin katifa. Na dai bar mata guda biyar na gobe.