Dutsen da Ya Faɗo a Gonata

Daren Laraba, cikin Sha'aban.

Yau ma babu wanda ya zo gayyar. Matata Hajara ta dama kunu tukunya guda, ga shi can ya tsinke. Makaɗin ma da ya hango gonar sai ya juya da gangarsa.

Tun da tauraron nan ya yanko ya faɗo tsakiyar gerona, mutanen gari suka ce shaiɗan aka jefa, wai yana nan kwance cikin ramin. Har ƙanena Sule cewa ya yi, "Yaya, ka yi haƙuri, ina da 'ya'ya ƙanana." To ni duwatsu na haifa?

Da haushi ya ishe ni sai na tono dutsen, baƙi wuluk, ga nauyin tsiya. Na kai wa maƙeri ya fasa. Cikinsa ƙwayoyi ne ƙanana a manne da juna, kamar an dunƙule gero. Malam Isa, malamin garinmu, ya jujjuya shi, ya ce da can sama hayaƙi ce, sannan Allah ya tattara ta ya yi wata da taurari. Ya ce ƙila wannan ragowar ce da ba ta samu shiga ba.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ka faɗa musu haka a masallaci mana."

Ya ce ai "ƙila" ya ce.

Ciyawa ta kusa shaƙe geron, bayana kuwa ba ya miƙuwa. Gobe ni kaɗai zan shiga. In shaiɗanin yana nan, ya ɗauki fartanya ya taya ni.